Kwantirfilake a ƙarƙashin katifa

Kwantirfilake, wanda 'yan Najeriya ke ce ma filawud, allo ne da ake yi da siraran yankan itace a manna su da gam ɗaya bisa ɗaya, kowane yanka a gicciye da na ƙasansa, shi ya sa ba ya saurin tsagewa kamar falanki. Yawanci faɗinsa santimita 122 ne, tsawo 244, kauri kuma akwai mili (wato milimita) 4, 6, 8, 10, 12 har 18. Da yawa daga mai kyaun da itacen okume na Gabon ake yin shi. A Yamai dai kasuwar Katako ake zuwa nemansa.

Ana sa shi tsakanin gado da katifa, wato matala, in katakan gadon sun yi nisa da juna ko wasu sun karye ko sifirin ɗin gadon ƙarfe ya saki. In tazarar katakai ta wuce kamar santimita 7 soson sai ya dinga nutsewa a cikin ramukan, ka ɗaga katifa ka ga sawun katakan layi-layi a bayanta, da safe mutum ya tashi baya na ciwo yana ta zargin katifa alhali gado ne. Amma fa katifar da ta riga ta mutu, tsakiyarta ta yi kwari kamar akushi, wallahi babu allon da zai tashe ta, sai dai ramin ya ƙara tauri.

Na gado ana so ya kai mili 12, babban gado 15 ko 18, mai mili 4 ko 6 na silin ne da bayan almuwar, wato kabad ɗin tufafi, lanƙwashewa yake. Kuma tunda faɗin allo 122 ne ba zai rufe gado mai 140 ko 160 ba, dole kafinta ya yanka biyu, mahaɗar ta zauna daidai kan katako ba a iska ba. A goge bakin da sanfefa don kar ya yage rigar katifa.

Babbar matsalar allon ita ce hana katifa numfashi. Zufar Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, tana ratsa soso ta sauka ƙasa, allo ya tare ta, damina na shigowa sai baƙin ɗigo-ɗigon fumfuna da wari. Wannan wurin ne mutane suka fi sakaci, abin kuma ba wuya, kafinta ya huda allon ramuka-ramuka ko'ina, lokaci zuwa lokaci a jingine katifar da bango a kunna fanka. In ɗakin na da gara a dinga leƙa allon ma.

Ita kanta katifar a juya ta kai ya koma ƙafa duk wata uku zuwa shida, mai fuska biyu a kife ta. Shanya a rana na busar da ita, sai dai soso tsirara in ya daɗe a rana ja yake yi ya fara marmashewa, don haka a bar shi da rigarsa. Fitsarin yaro a danne da tsumma ya tsotse, kar a kwara ruwa, a barbaɗa bikarbonat ya bushe a kakkaɓe. Masu fitowa tsakar gida kwana da zafi su fara shimfiɗa tabarma, kuma a daina naɗe katifa gida biyu, a wurin naɗin take karyewa. Kuɗin cizo kuwa a ɗinkin gefe da tsakanin allo da gado yake ɓuya, in an zo feshi a ɗaga allon a bi nan ma.