Siyasar Ƙetare ta Ƙawancen Ƙasashen Sahel

Ƙawancen Ƙasashen Sahel, wanda aka fi sani da AES, ƙungiya ce ta Mali da Burkina Faso da Nijar. Sojojin da ke mulkin ƙasashen uku ne suka kafa ta ranar 16 ga Satumba, 2023, lokacin da ECOWAS ke barazanar amfani da ƙarfi don mayar da hamɓararren shugaban Nijar Mohamed Bazoum kan mulki. Ficewarsu daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025.

Ginshiƙin siyasarta shi ne kowace ƙasa ta zaɓi abokan hulɗarta ba tare da wani ya tsara mata ba. Faransa ce ta fara ɗanɗana kuɗarta. Dakarunta sun bar Mali a 2022, suka bar Burkina Faso da Nijar a 2023. A 2024 Amurka ta kwashe nata daga Nijar, har da sansanin jiragen sama marasa matuƙi na Agadez.

Rasha ce ta fi cin gajiyar giɓin. Mayaƙan Wagner, kamfanin sojojin haya na Rasha, sun shiga Mali tun ƙarshen 2021, masu horar da sojoji na Rasha suka sauka Yamai a Afrilun 2024, kuma bayan shekara guda ministocin harkokin wajen ƙasashen uku suka gana da takwaransu na Rasha Sergey Lavrov a Mosko. Sai dai cewa an maye gurbin Faransa da Rasha kawai bai kama gaskiya duka ba. Daga Turkiyya suke sayen jiragen Bayraktar marasa matuƙi. Kamfanin CNPC na China ne ya shimfiɗa bututun da ke kai ɗanyen man Agadem na Nijar gaɓar tekun Benin, amma hakan bai hana Nijar korar manyan jami'an mai uku 'yan China a Maris 2025 ba.

Babban raunin AES shi ne rashin teku. Duk ƙasashen uku ba su da tashar ruwa, don haka mafi yawan kayan da suke shigowa da su sai sun bi ta maƙwabtan da suka rage a ECOWAS. Da iyakar Nijar da Benin ta ci gaba da zama a rufe bayan juyin mulkin Nijar na 2023, motocin dakon kaya sun koma doguwar hanyar tashar Lome da ke Togo ta cikin Burkina Faso, inda sai da rakiyar sojoji ake ratsawa. Talaka ne ke biyan wannan a farashin shinkafa da magani, kamar yadda 'yan kasuwar Maraɗi da Jibiya suka sha wuya lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024.