Saba ta fara jan ƙafa tunda aka mayar da ita VM, ina laifin yake?

Waɗannan su ne tambayoyin da ƴan'uwa masu kula da kwamfutocin ofis suka fi jefo mini kan sabar da ke riƙe sunayen ma'aikata da kalmar sirrinsu, wato irin su Active Directory da OpenLDAP, in tana zaune a VM, wato kwamfutar da manhaja irin VMware ko Hyper-V ke kwaikwaya a cikin babban inji.

Ma'aikata na ta ƙorafi shiga kwamfuta da safe na cin minti biyu, netwok ne ko?

Kowa netwok yake fara zagi, amma sau tari ba ruwansa. Ka gwada tukuna. Sa iperf3, manhajar auna gudun netwok, tsakanin sabar da wani VM da suke kan babban inji ɗaya, sannan ka sake gwadawa da wani da ke kan inji daban. In na farko ya yi gudu na biyu ya yi rarrafe to matsalar tana waje, ko katin netwok na gaske ko waya ko suwic. In dukkansu sun yi gudu ka ƙyale netwok ya huta, je ka duba DNS. Kwamfuta ba ta san inda sabar take ba sai ta tambayi DNS, kuma abin da na fi gani shi ne wani ya sa wa kwamfutocin ofis 8.8.8.8, wato DNS ɗin Google, wai don intanet ta yi sauri, alhali Google bai san sabar ofishinku ba, sai kwamfuta ta yi ta lalube har lokaci ya ƙure.

To in katin ne fa?

A VMware duba irin katin da aka ba VM ɗin. E1000 kwaikwayon tsohon katin Intel ne, yana cin ƙarfin inji, VMXNET3 kuwa don VM aka yi shi, sai dai yana buƙatar VMware Tools. Amma fa ka rubuta IP ɗinka a takarda kafin ka canza, domin Windows sabon kati zai gani, tsohon adireshin kuma ya maƙale a ɓoyayyen katin da ka cire.

A Hyper-V kuwa akwai tsohon ciwo da aka daɗe da sani, katin Broadcom mai gigabit 1 da VMQ, saitin da ke ba kowane VM layin saƙonsa a katin, a kunne. Na taɓa kwana biyu a wani ofis ina canza waya ina zargin suwic, ping, wato gwajin aika ɗan saƙo a ga ko amsa ta dawo, daga babban injin lafiya lau amma daga cikin VM sai ka ga yana hawa yana sauka kamar numfashin mai asma, oga kuma na tsaye a kaina yana cewa malam yaushe za a gama. Ƙarshe Disable-NetAdapterVmq na buga a PowerShell, nan take komai ya daidaita, wallahi har haushin kaina na ji.

Ping na tafiya sumul amma sabobin reshe biyu sun ƙi musayar bayanai, kamar ya?

Ping ɗan ƙaramin kaya yake ɗauka shi ya sa yake wucewa. Gwada ping -f -l 1472 zuwa ɗaya sabar. In ka haɗa 1472 da 28 na kan saƙon ka samu 1500, girman da aka saba. In ya ce sai an gutsuttsura, to akwai wani wuri a hanya da ya fi ƙunci, yawanci VPN, ko kuma wani ya ɗaga girman saƙon zuwa 9000 a gefe ɗaya ya manta ɗayan. Sai ka buga repadmin /replsummary ka ga wace saba ce aka bari a baya, kuma ka tabbata ƙofofin 53 da 88 da 389 da 445 da 135 a buɗe suke.

In na ƙara mata CPU ba shike nan ba?

A'a, wani lokaci ma ƙara dagulawa yake. VM mai CPU takwas ya fi mai biyu wahalar samun gurbi in babban injin ya cika, kamar mai iyali takwas da ke jiran mota a tasha. A VMware buɗe manhajar esxtop ka kalli %RDY, shi ne lokacin da VM ke shirye amma yana layi. In ya wuce kashi 5 cikin ɗari ga kowane CPU ka fara damuwa. RAM ya fi amfani, don Active Directory na son ɗora fayil ɗinsa ntds.dit kacokan a kai, saboda haka ka ware mata nata kar babban inji ya riƙa karɓewa.

Mene ne haɗin agogo da wannan magana?

Kerberos, tsarin da ke tantance mai shiga, ba ya yarda da bambancin agogo tsakanin kwamfuta da saba da ya wuce minti 5. VM na iya ɗaukar lokaci daga babban inji, in batirin agogon injin ya mutu aka ɗauke wuta aka dawo, sai mutane su kasa shiga su ce netwok ya faɗi. Buga w32tm /query /source, sabar da ke riƙe matsayin PDC, wadda sauran ke bin agogonta, daga NTP na waje, wato sabar lokaci, ya kamata ta sha.

Komai lafiya, manhaja ɗaya ce kawai ke jinkiri.

To ita ce mai laifin. Tana neman abin da ba a yi masa fihirisa ba, sai saba ta bi sunaye ɗaya bayan ɗaya. OpenLDAP zai rubuta not indexed a log, ɗan'uwansa 389 Directory Server zai sa notes=U, a Windows kuma ka ɗaga saitin log na Field Engineering zuwa 5 ka nemi saƙo mai lamba 1644 a log ɗin, amma ka mayar da shi in ka gama don yana cika log.

In na kwaɓa, zan iya komawa sinafshot na jiya, wato hoton yanayin VM ɗin da aka ajiye?

Nan kam a yi hattara. Kafin Windows Server 2012 yin haka na jawo USN rollback, sabar ta koma baya sauran ba su sani ba, musaya ta lalace shiru. Daga 2012 akwai VM-GenerationID da ke tare wannan in babban injin ma ya san da shi. Duk da haka ni bakof na System State nake ɗauka kafin in taɓa komai, kuma abu ɗaya nake canzawa in gwada in rubuta, sannan in taɓa na gaba.