Yumɓun Roba

Yumɓun roba, wanda wasu ke kira lakar polima, abin gini ne mai laushi da ake murzawa da hannu a siffanta shi yadda ake so, sannan a gasa shi a obin na gida ya ƙafe ya yi ƙwari. Da shi ake yin duwatsun sarƙa, 'yan kunne, maɓallan riga, furannin ado, kayan wasan yara da ƙananan siffofi na koyarwa. Sunan yumɓu aro ne kawai, saboda kamar da ya yi da shi a hannu. Ba a fadama ake haƙo shi ba, masana'anta ce ke haɗa shi, kuma asalinsa roba ce.

Wannan bambanci shi ne tushen duk abin da ya shafe shi. Yumɓun da maginan tukwane ke kwaɓawa ruwa ne ke ba shi laushi, iska ta busar da shi, sannan a toya shi a wutar da ta haura digiri 600 a ma'aunin Salshiyas. Yumɓun roba kuwa babu ruwa a cikinsa. Ko an bar shi a buɗe kwana da kwanaki ba zai bushe ba, zafi kaɗai ke ƙafar da shi, kuma zafin da yake buƙata ɗan kaɗan ne, galibi tsakanin digiri 110 da 135. Ya kuma bambanta da lakar wasa ta Plasticine, wadda William Harbutt ya ƙirƙira a Ingila a 1897, domin ita ba ta taɓa ƙafewa, narkewa take yi idan ta ji wuta.

Abin da ke cikinsa

Ginshiƙinsa garin PVC ne, dangin robar da ake yin fayif ɗin ruwa da bawon wayar lantarki. Ana cuɗa garin da wani mai na tausasawa, a zuba launi, wani lokaci a ƙara alli ko farar ƙasa don ya yi jiki. Muddin ba a gasa ba, ƙwayoyin garin suna nan daban-daban cikin man. Da zafi ya kai inda ake so, sai su tsotse man su kumbura su haɗe da juna su zama jiki ɗaya. Shi ya sa abin da aka gasa ba ya tsukewa sai ɗan abin da ido ba ya kamawa, kuma launinsa na nan har cikin tsakiya.

Tarihi

A Jamus aka fara. A ƙarshen shekarun 1930, Sophie Rehbinder-Kruse, ɗiyar shahararriyar mai yin 'yar tsana Käthe Kruse, ta riƙa gwada wani haɗi da aka kawo masana'antar mahaifiyarta, wanda bai dace da aikin 'yar tsana ba. Ta gyara shi, ta fara sayarwa a 1954. Kamfanin Eberhard Faber ya sayi haƙƙin haɗin a 1964, ya fito da shi a 1966 da sunan Fimo, daga laƙabinta na gida, Fifi. A yau kamfanin Staedtler, mai yin fensir, shi ke yin sa.

A Amurka kuma hanyar daban ce. Wani kamfani a jihar Ilinois ya haɗa shi ne don ya riƙa janye zafi daga tiransifoma. Bai yi wannan aikin ba, sai aka lura yana ginuwa kuma yana gasuwa, aka fara sayar da shi a farin launi a 1967, shi ne wanda aka sani da sunan Sculpey. Akwai kuma wasu ire-irensa, kamar Premo, Cernit da Kato Polyclay. Yawanci ana sayar da shi a 'yan dunƙulen da suka kai kusan giram 57.

Murzawa da gini

Sabon dunƙule yakan zo da tauri, wani ma yana marmashewa. Sai an yanka shi sirara, an ɗumama a tafin hannu, an murza an naɗe an sake murzawa, har ya kai idan an lanƙwasa shi ba ya tsagewa a gefe. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga sakamakon bayan gashi, lokacin da gyara ya yi wuya.

A nan Bahaushiya tana da abin da masu wannan sana'a a ko'ina suke nema: injin taliya na hannu, irin wanda ake murza taliyar Hausa da shi. Shi ne babban kayan aikinsu a duniya. A sa yumɓun a bakin da ya fi faɗi, a juya hannun, ya fito shimfiɗaɗɗe, a ninka biyu, a mayar da shi ta gefen ninkin don iska ta fita ta sama maimakon ta maƙale a ciki. Sau ashirin ko fiye, ya yi laushi sumul. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba a sassauta shi: injin da ya taɓa yumɓun roba ya bar kicin ke nan. Sauran kayan aikin duk na kusa ne, wato tayil mai santsi, reza, allura, tsinken sakace da kwalba mai santsin jiki don mulmulawa.

Idan abin da za a gina yana da kauri, ba a cika shi da yumɓu zalla. Ana dunƙule takardar alminiyom a matse ta sosai ta zama ƙashin ciki, a ƙarfafa sassa masu tsawo da waya, sannan a lulluɓe da yumɓu mai kaurin milimita 6 ko ƙasa da haka. Haka ya fi sauƙin kuɗi, kuma zafi ya fi ratsa shi daidai.

Dabarar da ta fi ba mutane mamaki ita ce ta sanda. Ana jera mulmulallun igiyoyi masu launi daban-daban a tsaye, yadda idan aka duba bakin sandar za a ga fure ko tauraro. Sai a riƙa matse ta daga tsakiya ana ja a hankali har ta sirance, zanen kuma ya ƙanƙance ba tare da ya ɓaci ba. Kowane yanki da reza ta fitar yana ɗauke da zane iri ɗaya. An aro dabarar daga masu aikin gilashi na tsibirin Murano a Benis ta Italiya, waɗanda duwatsun adonsu 'yan kasuwa suka daɗe suna kawowa Afirka ta Yamma. Akwai kuma hanyar da Judith Skinner ta fito da ita a shekarun 1990: a haɗa alwatika biyu masu launi daban, a riƙa ninkawa ta fuska ɗaya ana sa wa a inji, har launin ya riƙa sajewa daga wannan zuwa wancan kamar sararin sama da almuru.

Gashi

A nan aiki ke yin kyau ko ya lalace. Kowane iri da zafinsa, kuma a jikin takardarsa yake a rubuce: Fimo digiri 110 na minti 30, Premo digiri 135 na minti 30 ga kowane kaurin milimita 6, Kato kuwa ya kai digiri 150. Idan zafin bai kai ba, abin zai fito da tauri kamar ya gasu, amma ƙwayoyin ba su haɗe ba, sai ya karye kamar biskit bayan kwana biyu. Idan kuma ya zarce zuwa wajen digiri 175 ko sama, sai ya yi duhu, ya yi ƙuraje, ya fara fitar da hayaƙi mai yaji. Ƙarin lokaci a zafin da ya dace ba ya cutar da shi, ƙarfi ma yake ƙara masa, sai dai farin launi kan ɗan yi rawaya. Ƙarin zafi shi ne ɓarna.

Lambar da ke jikin makunnin obin ba abin dogaro ba ce. Ƙananan obin na lantarki zafinsu kan yi tsalle duk sanda ƙarfen dumamar ya kama, na gas kuma da yawa ba sa sauka ƙasa sosai. Don haka ma'aunin zafi na cikin obin ya fi kowane kayan aiki muhimmanci, kuma shi ya kamata mai farawa ya saya tun kafin ya tara launuka. Ana dumama obin tukuna, a jira allurar ma'aunin ta tsaya cak, sannan a sa kayan a kan tayil, a kifa masa rumfar takardar alminiyom don kada zafin sama ya babbake shi. Duwatsu masu zagaye ana kwantar da su cikin garin sitacin masara ko a kan takardar da aka ninninka, don kada gindinsu ya baje ya yi ƙyalli.

Ɗaukewar wuta ba ta ɓata aiki. Idan lantarki ya tafi ana tsakar gashi, sai a bar kayan ya huce, in wuta ta dawo a sake ƙirga lokacin daga farko, domin yumɓun roba yana jure gashi sau da yawa. Masu gini ma da gangan suke amfani da wannan: a gasa gangar jiki, a ƙara ƙananan sassa, a sake gasawa.

Hanyar da mata ke gasa kek da ita, ta zuba yashi a tukunya a ɗora a kan gawayi, tana da haɗari ga wannan aiki, domin kek yana son zafin da ya kai digiri 180, daidai inda yumɓun roba ke ƙonewa. Wanda ba shi da wata hanya, dole ya sa ma'aunin zafi a cikin tukunyar, ya ɗaga kayan daga kan yashin, ya rage garwashi ya tsaya a kai, kuma a tsakar gida, a tukunyar da ba za a sake girki da ita ba. Tafasawa a ruwa ba ta wadatar, tunda ruwa ba ya wuce digiri 100. Ba a sa shi a makirowef sam.

Gwajin gasuwa mai sauƙi ne. A gasa ɗan siririn yanki tare da kayan. In ya huce sarai a lanƙwasa shi: wanda ya gasu zai lanƙwasu ya dawo, wanda bai gasu ba zai ɓalle.

Zafi da ƙura a Kebbi

A Birnin Kebbi, Argungu, Jega da kewaye, zafin bazara daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40 a inuwa, cikin rufaffiyar mota ko ɗakin kwano kuwa ya fi haka nesa. Wannan zafi bai isa ya gasa yumɓun roba ba, amma ya isa ya fara ƙafar da shi a hankali. Da yake daga waje ake shigo da shi, yakan yi doguwar tafiya daga Legas ko Kano a bayan mota, don haka ya kamata a latsa dunƙulen da yatsa da zarar ya iso. Wanda ya tsufa kawai zai farfaɗo da murza da ɗigo ɗaya ko biyu na man jarirai. Wanda ya fara gasuwa a hanya zai ci gaba da zama tsaki-tsaki komai murza.

A gida, a ajiye shi a wuri mafi sanyi, ƙasa-ƙasa, kamar gefen randa, nesa da taga. Man da ke cikinsa yana cin wasu robobi masu garas-garas har su narke su manne, sai a zaɓi mazubin roba mai lamba 5 a gindinsa ko gwangwani da aka shimfiɗa wa takardar kakin zuma. Lokacin aiki ma zafi na sa shi yin danƙo har zanen sanda ya cakuɗe a ƙarƙashin reza. Maganinsa a yi aikin da sassafe, ko a sa sandar a firiji na ɗan lokaci kafin yanka. Idan ya cika laushi, a shimfiɗa shi tsakanin fararen takardu biyu a danne da littafi, takardar za ta tsotse rarar man.

Hunturu kuma da nasa. Yumɓun roba yana kama ƙura kamar yadda alewa ke kama ta, musamman fari. A goge tayil da hannu kafin a fara, a soma da launuka masu haske, a kife aikin da kwano duk sanda aka tashi. Ƙura da shatin yatsa suna fita da auduga da ɗan sifirit kafin gashi.

Ƙarasawa da kiyaye lafiya

Bayan ya huce ana iya goge shi da samfefa cikin ruwa, daga lamba 400 zuwa 1000 ko sama, a murje da tsumma ya yi sheƙi. Yana karɓar fentin akirilik. Man sheƙi na feshi da jan farce kan sa shi yin danƙo bayan watanni, gara mai haɗin ruwa.

Manyan kamfanoni sun sauya haɗinsu bayan Tarayyar Turai da Amurka sun taƙaita sinadaran fitalet, wato wani nau'in man tausasa roba, a kayan yara, dokar Amurka a 2008. Duk da haka ba a yin kofi, cokali ko kwanon abinci da shi. A wanke hannu bayan aiki. Idan ya ƙone, hayaƙin na ɗauke da iskar haidirojin kuloraid mai yajin ido da maƙogwaro, sai a kashe obin, a buɗe tagogi, a fitar da yara. Babba ne ke gashi, kuma ƙananan duwatsu ba na hannun jarirai ba ne.

Abin da ake yi da shi

A wasu ƙasashe an fi saninsa da gina mutum-mutumi da 'yar tsana. A ƙasar Hausa malamai da yawa sun hana sassaƙa siffar mai rai, tare da rangwamen da aka sani kan 'yar tsanar yara, don haka mai sana'a Musulmi yakan karkata ga abin da ba shi da rai, kuma fagen yana da faɗi. Dagin Arewa yana fita da kyau a sanda. Zanen ƙwarya, zanen gida da na aska takwas suna hawa kan maɓalli da ɗan kunne. Gora da homa irin na masuntan bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake yi tun 1934, da ɗan kwalekwale da rumbu, duk suna ginuwa ƙanana a matsayin tsaraba ko mariƙin makulli. Malamin makaranta zai iya gina haruffa, lambobi da sassan fure waɗanda ba sa jiƙewa ba sa marmashewa.

Jigida da carbi suna buƙatar duwatsu masu girma ɗaya. Ana shimfiɗa yumɓun a kauri ɗaya a inji, a yanke da murfin biro ko bakin ƙaramar kwalba, kowane yanki a mulmula shi ya zama ƙwaya. A bar su su huce daga ɗumin hannu, sannan a huda da allura ana juya ta a hankali, rabi ta wannan gefe, rabi ta wancan, don kada bakin hudar ya turo waje.