Karin Waƙa a Latin da Ingilishi

Kari shi ne ma'aunin da ake jera gaɓoɓin ɗango a kansa. Manazarta waƙar Latin da ta Ingilishi suna kiran ƙafafun waƙa, wato rukunonin gaɓoɓin da ake kasa ɗango a kansu, da sunaye iri ɗaya, na aro daga Girkanci, amma abin da suke aunawa ya bambanta: a Latin tsawon gaɓa, a Ingilishi ƙarfin furucinta.

Latin

Tsohon karin Rumawa shi ne na Saturniya, wanda har yau ana saɓani a kan ƙa'idarsa. Mawaƙi Ennius, wanda ya rasu wajen shekara ta 169 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya shigo da karin Girkawa mai ƙafa 6. Kowace ƙafa ko dai daktil ce, wato doguwar gaɓa ɗaya da gajeru biyu, ko sifondi, dogaye biyu. Ƙafa ta biyar galibi daktil ce, ta shida kuma gaɓa biyu ce kullum. Gaɓa tana zama doguwa idan wasalinta dogo ne, ko baƙaƙe biyu suka biyo bayansa. Akwai kuma 'yar tsayawa a tsakiyar ɗango, yawanci cikin ƙafa ta uku. A wannan kari mawaƙi Virgil ya tsara doguwar waƙarsa Aeneid, littafi 12, ɗango kusan 9,900, kuma a hannunsa karin ya kai maƙura wajen daɗi. Wanda ya san aruli, wato ilimin karin waƙar Larabci, ba zai sha wuya a nan ba, domin rubutacciyar waƙar Hausa ma nauyin gaɓa take aunawa.

Mawaƙan wancan zamani ba su damu da amsa-amo ba. Sai daga baya ya kafu a waƙoƙin coci, irin su Dies irae, wadda ake kyautata zaton ta ƙarni na 13 ce, mai baiti ƙwar uku.

Ingilishi

Tsohuwar waƙar Ingila maimaita baƙin farkon kalma ta dogara a kai. Daga zamanin mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ɗango mai gaɓa 10 ya samu gindin zama, ana sassauta gaɓa ɗaya a ƙarfafa ta gaba, har sau 5. Wajen 1540 Henry Howard ya fassara littafi na 2 da na 4 na Aeneid da wannan kari ba tare da amsa-amo ba, salon da mawaƙi Milton ya bi a waƙarsa Paradise Lost a 1667. Sonet kuwa, wani nau'in gajeriyar waƙa, ɗango 14 ce. Ta Shakespeare baiti uku ne ƙwar huɗu, sai ƙwar biyu ta rufe.

Mawaƙan yau da dama sun saki kari.