Bayan "happy" sai me? Tambayoyi da amsoshi kan kalmomin tsananin murna a Turanci

Tambaya: Ashe "very happy" ba ta wadatar ba?

Amsa: Ta wadatar, ba wanda zai ce ka yi kuskure. Amma mutumin da aka yi wa albishir da kujerar Makka da wanda ya tsinci naira ɗari a aljihun tsohuwar rigarsa ba murna ɗaya suka yi ba. Mu ma ai muna bambancewa: akwai jin daɗi, akwai baki har kunne, akwai kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Ita happy asalinta daga tsohuwar kalmar hap take, wato sa'a, tushe ɗaya da happen da perhaps. Yawan amfani ya sa ta ɗan sane, shi ya sa idan murna ta kai murna ake neman wata.

Tambaya: Wacce ta fi dacewa da wasiƙar ofis ko gaban manya?

Amsa: Delighted. Kalma ce mai natsuwa, ta wanda ya ji daɗi ƙwarai amma bai zubar da girmansa ba. Jami'ar da ta ba ka gurbin karatu za ta rubuto "We are delighted to offer you a place." Pleased da glad sun fi ta sanyi. Glad kuma sau da yawa da ajiyar zuciya take tafe, kamar idan ɗan'uwanka ya iso gida lafiya bayan tafiyar dare ka ce "I'm glad you're home."

Tambaya: Mene ne bambancin thrilled, elated, ecstatic da overjoyed?

Amsa: Asalin kowace ya tona asirinta. Thrilled daga tsohuwar kalmar Turanci mai nufin hudawa ta fito, 'yar'uwar nostril ce, ƙofar hanci. Murna ce mai ratsa jiki har tsigar jiki ta tashi. Elated daga Latin take, ma'anarta an ɗaga mutum sama, kuma yawanci bayan an ci nasara ake faɗinta: ɗalibin da ya duba sakamakon jarrabawa ya ga ya haye. Overjoyed ta fi zama a harkar iyali, haihuwa, aure, dawowar wanda aka cire rai da shi.

Ecstatic ita ce ƙololuwa. Daga kalmar Girkanci ekstasis take, wato mutum ya fita daga hayyacinsa, kuma a da ana amfani da ita ga masu ibada da shauƙi ya ɗebe su. Wanda ya kalli wasan Najeriya da Brazil a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ya san ta ko bai taɓa jin ta ba. Ana cin Najeriya 3 da 1, aka farke ɗaya, Nwankwo Kanu ya rama ta uku dab da tashi, sannan ya jefa ta huɗu a ƙarin lokaci. Abin da ya faru a gaban talabijin a wannan daren, mutane na rungumar waɗanda ba su sani ba, shi ne ecstatic. Wanda ya ce yana ecstatic don an ƙara masa nama a miya, zolaya yake yi.

Tambaya: Jubilant fa, da jaridun Najeriya ke yawan sawa?

Amsa: Wannan murnar taro ce mai sauti, domin asalinta a Latin ɗaga murya ne. Ta yi kusa da sowa da guɗa. Shi ya sa take dacewa da magoya baya ranar da aka faɗi sakamakon zaɓe. Mutum ɗaya kwance a ɗakinsa yana murmushi ba a cika kiransa jubilant ba.

Tambaya: Excited ma ai murna ce?

Amsa: Ɗoki ce, ko zumuɗi. Yaro a daren jajiberin Sallah, yana ta shafa sabon ɗinkinsa ya kasa barci, shi ne excited. Abin bai zo ba tukuna. A nan ne kuma masu koyo ke yawan tuntuɓe: "I am excited" na nufin ina ɗoki, amma "I am exciting" na nufin ni ne abin burgewar. Haka thrilled da thrilling suke.

Tambaya: Ana iya cewa "very ecstatic"?

Amsa: Kunnen Bature ba ya son ta. Kalmar da ta riga ta kai ƙarshe ba a sa mata very, sai absolutely: absolutely thrilled, absolutely delighted. Ana jin "very delighted" sosai a jawaban taro a Najeriya, kuma kowa ya gane, amma a jarrabawa gara a kauce mata. A kula da ƙananan kalmomin da ke biyo baya: "happy with you" na nufin na gamsu da kai, "happy for you" kuwa ina taya ka murna. Ga mai jego ko ango, ta biyun ake so.

Tambaya: Me ya haɗa murna da wata da gajimare?

Amsa: Turawa na kwatanta murna da hawa sama, mu kuma da farin ciki, launi muka ba ta. "Over the moon" ta 'yan Ingila ce musamman, tana da alaƙa da wata tsohuwar waƙar yara inda saniya ta tsallake wata, kuma 'yan ƙwallo sun yi ta maimaita ta a hira bayan wasa tun shekarun 1970 har ta zama abin ba'a. "On cloud nine" da "walking on air" duk tafiyarsu ɗaya. Na hira ne da saƙon waya, kada su shiga takardar neman aiki. Haka chuffed ta 'yan Ingila, da stoked ta matasan Amurka da Ostireliya.

Tambaya: Akwai wadda ya kamata a yi hattara da ita?

Amsa: Biyu. Gay a tsofaffin littattafai na nufin mai fara'a da annashuwa, amma a ƙarni na 20 ma'anarta ta koma mai sha'awar jinsinsa, kuma yau haka kowa zai fahimce ta. Sai euphoric, wadda likitoci ke amfani da ita ga irin daɗin da ƙwaya ke sa mutum ya ji. Idan ɗan jarida ya rubuta cewa euphoria ta mamaye gari bayan zaɓe, sau da yawa habaici ne a ciki: yana nufin murnar ba za ta daɗe ba.