Alade mai cin abinci ma yana iya ɗauke da tsutsa

Masu kiwon alade a Jos sun daɗe suna cewa muddin alade yana cin abinci, ba shi maganin tsutsar ciki asarar kuɗi ne. Ba laifinsu ba ne, tsutsar ba ta cika nuna kanta ba.

Sai dai tana cin rabonta daga dusar da kuka saya, girman aladen ya yi jinkiri, ga shi abinci ne ya fi cinye kuɗin mai kiwo. Ƙwayayenta kan yi shekaru a ƙasa, shi ya sa magani kaɗai bai isa ba, sai da share ɗakin.

Ku kai kashin aladen wurin likitan dabbobi ya auna. A mayanka kuma ku dubi hanta: fararen tabo alama ce tsutsa ta ratsa ta. Don Allah ku tura wa sauran masu kiwo.