Jagoran Hawan Tsaunuka: Wane Ne Shi, Kuma Me Ya Ba Shi Wannan Matsayi?

Shin duk wanda ya iya hawan dutse zai iya zama jagora?

A'a. Iya hawa daban, ɗaukar nauyin ran wani daban. Gwani yana iya kai kansa ƙololuwa ya dawo lafiya, amma jagora yana ɗaure da igiya ɗaya da mutumin da wataƙila bai taɓa taka ƙanƙara ba, ga tsoro, ga gajiya. Shi zai zaɓi hanya, ya karanci yanayi, ya lura da numfashin abokin tafiyarsa, kuma ya iya ceto shi idan ya rufta cikin tsagar ƙanƙara.

Tun yaushe wannan ya zama sana'a?

A tsaunukan Alps na Turai abin ya kafu. An fara kaiwa ƙololuwar Mont Blanc a 1786, kuma a 1821 aka kafa ƙungiyar jagorori ta garin Shamoni a Faransa, wadda har yau tana aiki. A 1965 jagororin Faransa, Italiya, Suwizalan da Ostiriya suka haɗu suka kafa ƙungiyar jagororin tsaunuka ta duniya, IFMGA, wadda takardar shaidarta ce mafi daraja a sana'ar.

Me ake buƙata kafin a samu wannan shaida?

Tun kafin a karɓi mutum a horo, sai ya gabatar da jerin tsaunukan da ya hau da kansa cikin shekaru. Daga nan a jarraba shi a fannoni uku: hawan tsagwaron dutse, hawan tsaunuka masu ƙanƙara, da zamiya a kan dusar ƙanƙara a wuraren da ba a gyara ba. Ana koya masa agajin gaggawa, dabarun ceto, da gane alamun zaftarewar dusar ƙanƙara. Idan ya tsallake matakin farko, sai ya zama ɗan koyo, yana aiki ƙarƙashin idon ƙwararre. Gaba ɗaya abin yakan ci shekara uku zuwa biyar. A Faransa makarantar gwamnati ta ENSA da ke Shamoni ce ke ba da horon, kuma laifi ne a yi jagora don kuɗi ba tare da shaida ba.

A ganina abin da ya fi wuya shi ne wanda ba a rubuta shi a takarda: ƙarfin halin cewa “mu koma”. Mutum ya biya kuɗi mai yawa, ga ƙololuwa yana hangowa, amma gajimare ya fara haɗuwa ko rana ta fara narkar da ƙanƙara. Jagoran da ba zai iya ɓata wa mai biyansa rai a wannan lokacin ba, bai cancanci sunan ba.

Mai raka matafiya a ƙafa fa, shi ma jagora ne?

Yana da tasa shaidar, ta UIMLA, ƙungiyar duniya ta irin waɗannan masu rakiya, amma iyakarsa hanyoyin da ba sa buƙatar dabarun hawa da igiya.

To, 'yan ƙabilar Sherpa na Nepal?

Nan akwai abin da ke sosa rai. Tun kafin ɗan ƙabilar, Tenzing Norgay, ya kai ƙololuwar Everest tare da Edmund Hillary a 1953, su ne ke ɗaukar kaya da fuskantar wuraren da suka fi haɗari, amma aka daɗe ana kallonsu a matsayin 'yan dako kawai. Sai a 2012 ƙungiyar jagororin Nepal ta zama cikakkiyar mamba a IFMGA. A Afrilun 2014, ƙanƙara ta zaftaro a Khumbu, kan hanyar hawan Everest, ta kashe ma'aikata 'yan Nepal 16, abin da ya tayar da maganar inshora da diyyar iyalansu.

Dole ne a ɗauki jagora?

Ya danganta da wurin. A Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, doka ba ta yarda a hau ba sai da jagora mai lasisi. A Alps ba a tilasta ba. Wanda zai ɗauka kuwa, ya nemi ganin katin shaida, ya kuma tambayi mutum nawa jagoran zai ja a igiyarsa. A Mont Blanc yawanci biyu ne, a tsaunin Matterhorn na Alps ɗaya tak.